Babi na Bakwai: Jarumin da Ba Shi da Makari

Yawancin samarin da ke musu a kan finafinan Marvel a Ƙauran Namoda ba su taɓa shiga gidan sinima a garinsu ba. An haife su ne bayan Oktoban 1999, lokacin da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, aka kuma rufe gidajen sinima a jihar Zamfara. Duk da haka sun san Thanos, sun san gudumar Thor, sun san dalilin da ya sa Kattappa ya soke Baahubali ta baya. Fim yana iso musu ne ta shagon turi: ɗan ƙaramin shago ko rumfa, galibi haɗe da wurin cajin waya, da kwamfuta ɗaya da igiyoyi rututu a kan tebur. Ka miƙa wayarka ko memori, ka faɗi abin da kake so, a tura maka, ka biya 'yan nairori. Daga nan fim ya shiga yawo daga waya zuwa waya ta Xender, har ya kai ƙauyen da ba a taɓa kafa turken wutar lantarki ba.

A wannan yanki mai shagon turi ne babban mai sharhin fim, ko da shi bai ɗauki kansa haka ba. Tambayar farko da ake yi masa ita ce ko akwai sabo. Ta biyu ita ce ko sabon yana da ma'ana. Ba shi da halin yin ƙarya, domin wanda ya saya yau shi zai dawo gobe, kuma ba zai dawo shiru ba. Ranar Alhamis, in kasuwar Shinkafi ta ci, wanda ya fito daga ƙauye yana so ya koma da abin da zai ishe shi kallo na mako guda, shi da ƙannensa da matan gida. In aka cika masa memori da shirme, an cuce shi sau biyu: kuɗinsa sun tafi, cajin wayarsa ma ya tafi, shi kuwa caji a nan sayensa ake yi. Mutumin da ke biyan kuɗin wata-wata a Netflix, in fim bai yi masa ba sai ya danna wani. Wannan ba shi da wannan gatan, shi ya sa bakinsa ya fi kaifi.

Hukuncin da masu kallo ke yankewa bai cika wuce kalmomi kaɗan ba. Ko a ce fim ya yi ma'ana, ko a ce ƙarya ta yi yawa, ko kuma, in mai dogon zango ne, a ce sun fara ja. Na tsakiyar ne ke ɗaure wa baƙo kai. Yaya za a yi mutumin da ya yarda saurayi yana maƙale bango kamar gizo-gizo, ya yarda wani yana tashi sama cikin rigar ƙarfe, ya juyo ya ce ƙarya ta yi yawa? Ashe da can gaskiya yake kallo?

Amsar tana cikin labaran da mutanen nan suka tashi da su tun kafin Marvel ta san akwai Zamfara. Bahaushe bai taɓa rasa jarumi mai ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam ba. Akwai ɗan tauri da wuƙa ba ta cinsa, akwai mai layar zana da ke ɓacewa, akwai mai baduhu da ke wucewa ba a gan shi ba, akwai sagau da ke sandarar da hannun wanda ya ɗaga zai kai duka. A rubuce ma akwai Ganɗoki na Bello Kagara tun 1934, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Ba maganar ko waɗannan abubuwa suna aiki nake yi ba, wannan fagen malamai ne. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake ba da labarinsu. Ba za ka taɓa jin an ba da labarin asiri ba tare da sharaɗinsa ba: kada ka ci kaza, kada ka kusanci kaza, kada ka tsallake kaza. Kuma kowane asiri yana da makari. Daɗin labarin gaba ɗaya yana wajen jiran ranar da mai ƙarfi zai gamu da wanda ya san makarinsa. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Haka abin yake a fagen dambe. Dattawan wannan yanki har yau suna hirar Shago, ɗan damben da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya ɗaukaka da waƙa, da karawarsa da Ɗandunawa. Abin da ke tara jama'a a fage shi ne sanin cewa duk girman sunan mutum, yau ana iya kai shi ƙasa. Shi kansa Namoda da garin ke ɗauke da sunansa, Ba'alibe daga gidan sarautar Zurmi, yana cikin manyan mayaƙan da suka ci Alƙalawa a 1808, kuma bai daɗe bayan nan ba ya faɗi a fagen daga. Mutanen da tarihinsu ke cike da irin wannan sun saba da jarumi mai mutuwa.

To in mai kallo a Zurmi ya ce ƙarya ta yi yawa, abin da yake nufi shi ne fim ya karya dokar da shi da kansa ya kafa. An ce wa mutum ƙarfin wane iyakarsa nan, sai a tsakiyar faɗa ya fito da wani sabon ƙarfi da ba a taɓa ambata ba, don kawai marubuci ya rasa mafita. An nuna masa gawa, ya yi jimami, sai bayan shekara biyu mamacin ya dawo yana raha.

Da wannan ma'auni za a gane dalilin da ya sa Avengers: Infinity War na 2018 da Avengers: Endgame na 2019 suka samu karɓuwar da babu musu a kanta, a Ƙaura da ma duniya baki ɗaya. Akwai bos na gaske, wanda ke da buƙata a fili: duwatsu shida, in ya haɗa su ya kaɗa yatsa rabin masu rai su ɓace. Ya haɗa su, ya kaɗa, suka ɓace, fim ya ƙare jarumai suna a ƙasa. Da aka zo ramuwa kuma ba a same ta a banza ba, sai da Iron Man ya biya da ransa, Black Widow ma haka. Endgame shi ne fim na 22 a jerin da aka fara da Iron Man a 2008, ya kuma tara kusan dala biliyan 2.8. Shekara goma sha ɗaya ana gina abu ɗaya, aka rufe shi da mutuwar wanda aka fara da shi. Ko tsohuwar da ke ba jikokinta tatsuniya za ta ce wannan labari ya kai gidansa.

Abin da ya biyo baya shi ne tushen duk ƙorafin da ake yi yanzu. A Nuwamban 2019 kamfanin Disney, mamallakin Marvel, ya buɗe dandalinsa na kallo ta intanet, Disney+. Irin wannan dandali ba ya rayuwa da fim ɗaya mai kyau a shekara. Yana bukatar sabon abu kullum, don kada mai biyan kuɗin wata ya janye. Sai aka juya wa Marvel akala. Kamfanin da a da yake fitar da fim biyu ko uku a shekara, a 2021 kaɗai ya fitar da fim huɗu da shiri mai dogon zango biyar: WandaVision, The Falcon and the Winter Soldier, Loki, What If...? da Hawkeye. Ba a samu ƙarin ƙwararrun marubuta daidai da ƙarin aikin ba, kuma Kevin Feige da ke sa ido a kan komai har yanzu mutum ɗaya ne. Duk mai sayen nono ya san abin da ke faruwa in masu saye suka yi yawa shanu kuwa ba su ƙaru ba: ƙwarya za ta cika, amma da ruwa.

Ba wai duka suka lalace ba, kuma wannan ne ke ƙara ba masu kallo haushi. Da a ce komai ya mutu, da an yi masa salla an huta. Amma sai a fitar da Spider-Man: No Way Home a ƙarshen 2021 kowa ya yaba, a biyo da Thor: Love and Thunder a 2022 wanda ya mai da jarumin ɗan barkwanci, har a lokacin da ake maganar cutar daji da sace yara. A Fabrairun 2023 a kawo Ant-Man and the Wasp: Quantumania, a gabatar da Kang a matsayin sabon bos da zai gaji Thanos, sai ga shi tururuwa sun taru sun tarwatsa shi a fitowarsa ta farko a babban fim. Bayan wata uku a kawo Guardians of the Galaxy Vol. 3, wanda labarin wata 'yar dabba da aka azabtar a ɗakin gwaji ya sa manya share hawaye. Bayan wata guda kuma a kawo Secret Invasion, kashi shida, an kashe masa fiye da dala miliyan 200, ya ƙare da faɗan da aka ɗora wa mutum ɗaya ƙarfin kusan dukan jarumai lokaci guda, wato aka ƙirƙiri mai asirin da ba shi da makari ko ɗaya. Sunan Marvel a kan fim ya daina zama shaida. Mai shagon turi wanda a da yana jin sunan kamfanin zai ce ɗauki kawai, yanzu sai ya kalla tukuna.

Can ɓangaren kamfanin DC, abokin hamayyar Marvel, ma haka take. Joker na 2019 ya haura dala biliyan ɗaya. Ci-gabansa na 2024, da jarumi ɗaya da darakta ɗaya, aka cika shi da waƙe-waƙe da zaman kotu, ya faɗi warwas.

Sai kuma matsalar da ta fi cin mai kallo na nan fiye da na Amurka: sarƙa labarai da juna. Doctor Strange in the Multiverse of Madness na 2022 ba zai fahimtu sosai ba sai ka kalli WandaVision, domin a can ne aka nuna abin da ya haukata Wanda. The Marvels na Nuwamban 2023 yana so ka san Captain Marvel, ka san WandaVision, ka kuma san Ms. Marvel, labarin Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan. Ko a Amurka mutane sun gaji da wannan aikin gida, fim ɗin bai tara abin da ya wuce dala miliyan 200 da 'yan kai ba, mafi ƙaranci a tarihin jerin, alhali Captain Marvel na 2019 ya haura biliyan ɗaya. To ina ga wanda ke Shinkafi? Da Disney+ ya shigo nahiyar nan a 2022, Afirka ta Kudu da ƙasashen arewacin Afirka ya sauka, Nijeriya ba ta cikin lissafi. Abin da ya iso shagon turi shi ake kallo, ba bisa tsari ba, wani da fassara wani babu, na uku kafin na biyu. Saurayi ya kalli fim ya ga matar da ya sani cikin jarumai ta koma muguwa ba dalili, ya ce ba shi da ma'ana. A wurinsa kuwa gaskiya ya faɗa, domin an cire ma'anar an ajiye ta a wani shirin da bai taɓa iso masa ba.

Mafi muni a wajen masu ra'ayin makari shi ne dabarar duniyoyi barkatai, inda kowane mutum yake da kwafinsa a wata duniyar. Loki ya mutu a hannun Thanos, sai ga wani Loki da shirinsa na kansa. Wolverine ya mutu a Logan na 2017, mutuwa mai kyau da ta dace da shi, sai ga shi a 2024 tare da Deadpool. Ni dai ina ganin nan ne Marvel ta yi wa kanta illar da ta fi ta yawan aiki. In mutuwa ba ta kashewa, don me zuciyar mai kallo za ta buga in an ɗora wa jarumi takobi a wuya? Zan yarda cewa shirin Loki ya yi kyau, kuma Deadpool & Wolverine ya tara fiye da dala biliyan 1.3. Amma bashi ne aka ci daga aljihun finafinan gaba.

Akwai wani abu da yanayin kallo a nan yake yi wa fim wanda masu shirya shi ba su taɓa tunani ba. Fim ɗin da aka yi don allon da ya kai tsawon bene, a nan ana kallonsa a fuskar Tecno ko itel, an matse shi ya koma 'yan megabait kaɗan don ya shiga memori, sautin yana fita ta lasifikar waya ko kunne ɗaya na abin saurare, ɗayan yana kunnen aboki. Duk ƙyale-ƙyalen kwamfuta da aka kashe wa miliyoyin daloli sun narke sun zama hazo. A Amurka an yi ta surutu a kan munin zanen kwamfuta a She-Hulk da The Flash, har ma'aikatan wannan fanni a Marvel, waɗanda suka daɗe suna kukan ana ɗora musu aikin da ya fi lokacin da aka ba su, suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago a Satumban 2023. A ƙaramar waya ba a ma ganin yawancin wannan aibi. Amma ba a ganin kwalliyar da ke rufe ramin labari ita ma. Abin da ke saura shi ne wa ke son me, wa ya tare masa hanya, me zai rasa. Fim ɗin da ba shi da waɗannan, minti ashirin na farko sun isa a gane.

A nan ne finafinan kudancin Indiya suke yi wa Hollywood fintinkau a wannan yanki. Soyayyar Bahaushe da fim ɗin Indiya tsohuwa ce, tun zamanin da ake kiran Dharmendra Sarkin Ƙarfi. Amma fassarar Hausa da kamfanoni irin su Algaita na Kano suka shahara da ita ta mai da abin wani iri dabam. Jarumi ya buɗe baki ka ji Hausar tasha, da habaici da kirari da baƙar magana. Baahubali na S. S. Rajamouli, kashi na farko a 2015 na biyu a 2017, ba ya cikin jerin jarumai masu riga da tambari, amma mutumin da ke ɗaga dutse shi kaɗai ya hau da shi kafaɗa ai sunansa ne kawai ya bambanta. Ƙaryarsa ta fi ta Marvel girma. Sai dai akwai gadon sarauta, akwai ɗan'uwa mai hassada, akwai uwa da ta yanke hukunci cikin fushi, akwai bawa mai amana da aka tilasta wa kashe ubangidansa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar bayani a ƙasar da ke da fada. Makarin Baahubali kuwa ba wani dutse ba ne daga sama, biyayyarsa ce da yardar da ya yi wa na kusa da shi.

Kada a ɗauka Indiya ta tsira. Prabhas ɗin nan da ya yi Baahubali shi ya fito a Adipurush a Yunin 2023, ɗaya daga cikin finafinan da suka fi cin kuɗi a tarihin ƙasar, Indiyawa da kansu suka yi masa ca a kan zanen kwamfuta da kalaman da aka sa a bakin jarumai, har sai da aka sauya wasu bayan fim ya riga ya fita. Ita ma fassarar tana da nata hawa da sauka. Murya mai kyau tana iya tayar da mataccen fim, har mutane su riƙa maimaita maganganun mai fassara a majalisa sun manta da labarin. Murya maras kyau, ko gaggawar a riga wani kamfani fitarwa, tana iya kashe mai rai. Sau da yawa in aka ce fim bai yi ba, in ka bi diddigi za ka tarar ba darakta ake zagi ba, mai fassara ne.

Wani abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba shi ne akwai masu kallon da ransu ba ya kwanciya da finafinan da ake kiran wani abin bauta a ciki, Thor ne ko gumakan Indiya. Wasu su kalla suna istigfari, wasu su tsallake wurin, wasu su bar fim ɗin gaba ɗaya su koma Ertuğrul, inda jarumi ke alwala kafin ya zare takobi. Shi ma Ertuğrul, wanda gidan talabijin na gwamnatin Turkiyya ya nuna daga 2014 zuwa 2019, kashi 150 ne, kowanne wajen awa biyu. Masoyansa na gaske ma sun san zagayen: a kama shi, ya kuɓuta, a gano munafuki a cikin ƙabila, a kashe shi, wani munafukin ya tsiro.

Wannan ya kawo mu gida, inda kalmar ja ta fi yawo. Tun da Arewa24 ta fara Daɗin Kowa a 2015, ta biyo da Kwana Casa'in a 2019, sannan kasuwar faifai ta mutu, masu fim na Kano suka koma YouTube, fim mai dogon zango ya zama shi ne sana'ar. Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira, duka sun fara a 2020, sun shiga gidajen Ƙaura da Zurmi fiye da yadda wani Spider-Man zai taɓa shiga, domin su har ɗakin mata suna kaiwa. Kuma cutar da ta kama Marvel ita ta kama su, ta hanya ɗaya. YouTube yana biya ne gwargwadon kallo da tallar da aka saka, saboda haka duk makon da ba a saki sabon kashi ba, kuɗin shiga sai su ragu. Labarin da zai ƙare a kashi ashirin, in ya karɓu, wa zai yarda ya yanka kazar da ke yi masa ƙwai? Sai a fara ja. A nuna mota tana fita daga gida, a nuna ta a titi, a nuna maigadi yana buɗe ƙofa, a nuna gaisuwa tun daga ina kwana har ina gajiya. A maimaita abin da ya faru makon jiya da sunan tunani. A kawo sabon mugu daga inda ba a sani ba.

Har matsalar ɗan wasa iri ɗaya ce. Chadwick Boseman ya rasu a Agustan 2020, dole aka sake rubuta ci-gaban Black Panther. Jonathan Majors, wanda aka gina shirin shekaru a kan Kang ɗinsa, kotu ta same shi da laifi a Disamban 2023, kamfanin ya sallame shi, shirin ya rushe. A Kano, Nafisa Abdullahi ta bar Labarina a 2022, aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, matan da suka shekara biyu suna bin fuska ɗaya suka rabu gida biyu, masu cewa a yi haƙuri da masu cewa wannan ba Sumayyarsu ba ce. A shekarar ce kuma daraktan Izzar So, Nura Mustapha Waye, ya rasu. Labarin da aka ƙudurta ba zai ƙare ba, rayuwar masu yinsa ce za ta riƙa yanke masa hukunci. Aminu Saira ya yi abin da ya dace daga baya, ya rufe wancan labari ya buɗe sabo da Sadiq Sani Sadiq a ƙarƙashin suna ɗaya, masu kallo da yawa da suka yi fushi suka dawo.

A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya da intanet a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don yaƙi da 'yan bindiga. Aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. A makon ne Shang-Chi ya fita a duniya, bayan mako biyu Squid Game ya biyo, babu wanda ya ji ɗuriyarsu a nan. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, sauran wurare sai da suka ƙara jira na makonni. Maganar fim ita ce mafi ƙanƙanta a cikin wahalar wancan lokaci, mutane ba su ma san halin da 'yan'uwansu ke ciki ba. Amma ta nuna wani abu. Wanda ya koma kan shirinsa bayan wata biyu ko uku ya tarar da kashi takwas ko goma sun taru, ya kalle su a jere, ya ga abin da mai kallon mako-mako ba ya gani: an yi tafiyar awa takwas, labari bai matsa taku uku ba. Jiran mako guda yana ɓoye ja, domin ɗoki yana cike gurbin. Kuma da yawan masu kallo na karkara dama a jere suke kallo, tunda sai ranar kasuwa ake turo musu. Bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 da ƙarin kuɗin data a farkon 2025, kowane minti na gaisuwar maigadi ya ƙara tsada.

Akwai kuma wurin da mutanen nan suka fi kowane mai sharhi na Landan ko New York sanin abin da ake magana a kai. Kusa da farkon Black Panther na 2018, an nuna dajin Sambisa da dare, ayarin motocin 'yan bindiga ɗauke da matan da aka sace. Jarumi ya diro daga jirgi, cikin 'yan mintuna ya gama da su, matan suka kama hanyar gida, labari ya wuce Wakanda bai sake waiwayarsu ba. A sinimomin Legas an yi tafi. Mutumin da ke bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da addu'a a bakinsa, wanda ya san yadda ake sayar da gona da shanu a haɗa kuɗin fansa, wanda ya ga yadda aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, kallon da zai yi wa wannan wuri dabam ne. Wani zai ji sanyi na ɗan lokaci, ya ce ina ma. Wani zai tsaki. Irin wannan mai kallo ba ya yarda da fim ɗin da ake rusa gari guda a cikinsa ba a nuna zaman makoki ko ɗaya ba. Shi ya sa Captain America: Civil War na 2016 yake da daraja ta musamman: ya fara ne da ɓarnar da jarumai suka yi a Legas, mutanen da ba ruwansu suka mutu, sauran fim ɗin kuma rigima ce a kan wa zai ɗauki alhaki.

Ba kullum masu kallo ke da gaskiya ba. Wani in ya ce an cika surutu, nufinsa an yi minti biyar ba a daki kowa ba, alhali wani lokaci a cikin wannan surutun ne fim yake. Wani ya yanke wa The Marvels da She-Hulk hukunci tun kafin ya kalla, don kawai mata ne a gaba, irin wannan kuwa akwai shi a Zurmi akwai shi a Texas. Wani kuma ba fim ɗin da yake yabo ne ya fi kyau ba, shekarunsa ne lokacin da ya kalle shi suka fi daɗi. Ga kuma gaskiyar da ba a so: duk wannan hukunci na shagon turi ba ya isa kunnen kowa a Disney, tunda ko sisin kwabo ba ya zuwa musu daga nan. Masu fim na Kano ma, wanda aka tura masa Labarina a memori ba ya cikin adadin da YouTube ke ƙirgawa, saboda haka yabonsa da zaginsa duk ba su da nauyi a littafin kuɗi, sai dai a baki.

Waɗanda kuɗinsu ke ƙirguwa sun yi magana, an kuma ji. A 2023 shugaban Disney, Bob Iger, ya amsa a bainar jama'a cewa yawan abin da suke fitarwa ya raba musu hankali ya rage inganci, a Mayun 2024 kuma ya ce za a rage aikin Marvel zuwa fim biyu ko uku da shiri biyu a shekara. Disney tana da wuraren shaƙatawa da kayan wasan yara da za su riƙe ta in ta rage fim. Furodusan da ke Zoo Road a Kano ba shi da komai sai kashin wannan mako, kuma da kuɗinsa zai biya 'yan wasa ya ɗauki na mako mai zuwa.

Ita Marvel ɗin, da ta tashi neman wanda zai maye gurbin Kang, sai ta sanar a Yulin 2024 cewa Robert Downey Jr., wanda mutuwarsa a Endgame ta ba wancan labari nauyinsa, zai dawo. Ba a matsayin Iron Man ba, a matsayin Doctor Doom, sabon bos, a fim ɗin da aka sa wa ranar fita a Disamban 2026. Masu fassara na Kano suna da aiki a gabansu, domin sai sun zaɓi ko su ba shi muryar da aka san shi da ita ko su nemo masa wata, kuma duk wadda suka zaɓa, mai shagon turi ne zai sha tambayar ko ba wannan ne ya mutu ba.